Yadda Baffa Ya Zaɓi Inji

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Baffa dai ya riga mu. Ya rasu ana tsakiyar yankan shinkafa, bayan ƴar gajeriyar jinya, aka kai shi makwancinsa kafin azahar.

Na zauna zaman makoki da dama a garin nan, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Mace za ta shigo ta yi gaisuwa yadda ta kamata, a yi addu'a, a shafa. Sai ta girgiza kai, ta ce, "Amma fa Malam akwai taurin kai." A yi dariya ƙasa-ƙasa, mai dariyar kuma ta sa gefen mayafi ta goge ido.

Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta fara. "Ko ciwon ma sai da ya yi gardama da shi," in ji ta. "Likita ya ce hawan jini, shi ya ce zafin rana ne, wai likitan yaro ne bai san Haɗeja ba."

Maƙwabciyarmu, mutuniyar Filato da mijinta ya gama aikin koyarwa suka ci gaba da zama a nan, ta shigo da kular kunu, ta zauna kusa da ni. Ta ce ya taɓa gyara mata keken ɗinki, ya hana ta shi sai da ta kawo masa kwalbar man da take ɗiga wa keken. Man gyaɗa ne. "Maman yara, ranar na sha faɗa kamar na yi sata. Amma har yau keken bai sake tsayawa ba."

Can sai wata tsohuwa daga danginmu na Kafin Hausa ta matso ta tambaye ni a kunne, "To, ya samu ya sayi injin niƙan kuwa kafin ya tafi? Tun bara nake jin yana nema."

Na rasa ta inda zan fara. Ba injin niƙa ba ne. Kuma don kada maganar ta tafi a haka, jikokinsa su taso su ji wai kakansu ya ƙare rayuwarsa yana neman injin niƙa, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Ni ƴar ƙaninsa ce, kuma matar ɗansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina rarrafe Uwata yake kira na, aure bai canza wannan ba. Shagonsa yana jikin katangar ɗakin girkina, akwai ƴar taga tsakaninmu da nake miƙa masa abinci. Abin da ban gani ba, na ji.

Baffa mai sassaƙar ƙarfe ne. In injin ban ruwa ya ci wani abu a fadama, ko injin casar shinkafa ya karya haƙori, manoma daga Miga, daga gefen Baturiya, nan suke kawowa a buhu, ya sassaƙa musu sabo. Babban injinsa su suna ce masa milin, daga nan maganar niƙa ta shiga kunnen mata. Ya fi mutum tsawo. Yana da tebur da ake ɗaure ƙarfen a kai, da wuƙa mai juyawa daga sama, da hannaye uku na murɗawa: ɗaya ya kai teburin hagu da dama, ɗaya gaba da baya, ɗaya sama da ƙasa. Ya girme ni, injin nan. Kullum da safe sai Baffa ya goge shi da tsumma da mai kafin ya amsa gaisuwar kowa.

Akwai kalmar da ba ta barin bakinsa: wasa. In ka murɗa hannun inji gaba, ka dawo da shi baya, sai ya ɗan juya a banza kafin teburin ya motsa, wannan shi ne wasa. Baffa ya ɗauko kalmar daga shago ya shigo mana da ita gida. Ƙofar banɗaki tana wasa. Ƙafar kujerata tana wasa. Wani ya zo neman auren ƙanwar maigidana, suka gaisa sau ɗaya, Baffa ya shigo ya ce yaron yana wasa, a ƙara bincike. Yaron yau ƴaƴansa huɗu da ita, ba a taɓa jin kansu ba, amma har Baffa ya koma ga Allah bai janye maganar ba.

Maigidana ya yi karatun injina a kwalejin fasaha, ya dawo ya shiga shagon. Baffa yana kiransa Injiniya, da irin muryar da ake kiran yaro Sarki in ya sa babbar rigar ubansa. Shi ne ya kawo maganar kwamfuta. Ya ce a cire hannayen injin, a sa wa kowanne moto, wato ɗan injin lantarki, a haɗa da kwamfuta, ita ta riƙa murɗawa. Ya ce masu manyan injinan casa yanzu ba abu ɗaya suke so ba, suna son a yi musu da yawa iri ɗaya sak, shi ya sa suke wuce mu su tafi Kano. Aikin shagon yana ta raguwa, mu a cikin gida mun san haka a tukunya.

Ga kuma abin da babu mai faɗa: hannun Baffa ya fara rawa. Shayi yana zuba a gaban rigarsa, ya ce kofin ne yake wasa.

Ana cikin haka wani kamfani a Kano ya nemi maigidana. Ya ce mini in shagon bai canza ba zai tafi, ya kama ɗaki can, ya riƙa zuwa mana ƙarshen wata. Ni na ga yadda irin wannan tafiyar take ƙarewa a gidajen ƙawayena: ƙarshen wata ya koma ƙarshen zango, yara su saba da uba a waya. Ba na so. Kuma in ya tafi, wa zai riƙe shagon da tsoho mai rawar hannu?

Da ya gaya wa Baffa, ta taga na ji amsar.

"Injina ba za a yanke masa hannu ba. Bai yi sata ba."

"Baba, ba yankewa ba ne, cirewa ne."

"To a cire na wani. A nemo tsohon inji, ka sa masa abin da kake so. Amma ni zan zaɓa."

Maigidana ya shigo yana murna, wai Baba ya yarda. Ni ma na yi hamdala. Da mun sani.

Tun daga nan na zama mai soya kifin guzuri. Su tashi da sassafe su nufi Kano wajen masu tsofaffin injina, su dawo bayan magariba, kular a wanke, hannu babu komai. Ban taɓa bin su ba, amma na san kowane inji, don a kan tabarmar cin tuwo ake sake shari'arsa, maigidana yana nuna hotuna a waya, Baffa yana ƙin kallo.

Na farko wuyansa zagayayye ne kamar bututu. Baffa ya ce in ka ɗaga kan ka sauke, ba ya dawowa inda yake, kwamfuta kuwa makauniya ce, ba za ta san ya kauce ba. Maigidana ya ce wannan gaskiya ne. Na biyu ba shi da jiki, Baffa ya ce in wuƙa ta kama ƙarfe zai hau karkarwa kamar ɗan akuya a ruwan sama. Wannan ma aka yarda. Na uku ya cinye a tsakiya: teburin yana lilo a tsakiyar hanyarsa, ya cije a ƙarshenta. Shi ma aka yarda. Har na fara jin daɗi, na ce ai tsohon yana nema da gaske.

Sai aka shiga waɗanda ba su da laifi.

Wani an yi masa sabon fenti. Baffa ya ce duk wanda ya yi wa tsohon inji fenti akwai abin da yake rufewa, ya ƙi ko taɓa shi. Wani mai injin ya tsaya yana taunar cingam yayin da Baffa yake magana. Wani kuma aka kai su, ladan ya kira la'asar, mai shagon bai tashi ba, Baffa ya ce ƙarfen da ya zauna da wannan mutumin babu albarka a jikinsa. Na ce, "Baffa, ƙarfe kuma?" Ya ce, "Uwata, miyar nan gishiri ya yi kaɗan."

Wanda ya fi ƙona wa maigidana rai shi ne wani da suka gani mai kyau, mai nauyi, hanyoyin da teburinsa yake bi sumul. Baffa ya kama hannun ya murɗa gaba, ya murɗa baya, ya saki kamar ya taɓa kashi.

"Yana wasa."

"Baba, wasan a dogon sukurun da ke ƙarƙashin tebur yake. Shi ne abu na farko da zan cire in jefar. Sabo zan sa, mai ƙwallaye, ba ya wasa. Ka fi ni sanin haka."

"To in za ka jefar, me ya sa zan saye shi?"

"Ba sukurun za mu saya ba, injin!"

"Kana ɗaga mini murya a gaban tuwo?"

Daren ranar babu wanda ya gama nasa. Kowa a gidan, har Gwaggo da ba ta san sifana da guduma ba, ya gane cewa injin da ya cika duk sharuɗɗan Baffa guda ɗaya ne a ƙasar Hausa, kuma yana bayan katangar ɗakin girkina.

Da damina ta yi nisa ya samo sabuwar hujja. Shekarar da ruwa ya karya jinga ya shigo unguwarmu, ya kai wa injin har gwiwa. Da ya janye, Baffa ya kwance abin da zai kwance, ya wanke taɓon, ya shafa mai, inji ya tashi. Yanzu sai ya riƙa jan duk wanda ya shigo shago ya nuna masa zanen ruwan a bango. "Kwamfuta ta iya iyo?" Maigidana ya ce a sama za a rataye akwatinta, sama da zanen. Baffa ya ce ai ruwan bai sa hannu a takarda cewa iyakarsa ke nan ba.

Kada wanda bai san shi ba ya ɗauka mugu ne. A cikin wannan rigimar hannun injin taliyata ya karye, ana gobe suna a gidan ƙanwata, ni kuma na yi alkawarin taliya. Ban gaya masa ba, ya dai ji ƙarar da babu. Ya miƙo hannu ta taga ya ce in ba shi. Manoma suna zaune a benci da buhunansu, alkama tana jiran ruwa a fadama, ya bar su ya shafe hantsi yana sassaƙa mini sabon hannu, har da ƴar makama ta katako don kada ta ci mini tafi. Wani ya yi ƙorafi, Baffa ya ce masa, "Aikin uwata nake. Kai in taka ta aiko ka, ajiyewa kake?" Da na aika masa da taliyar, ya ce ta yi kauri.

Ranar ce na ga abin. Na leƙa ta taga zan karɓi injina, yana tsaye yana magana da manomin, hannunsa na dama yana rawa a gefen rigarsa kamar ba nasa ba. Sai ya ɗora shi a kan hannun injin ya fara murɗawa. Rawar ta tsaya cak. Ya saki, ta dawo. Ya kama, ta tsaya. A duk faɗin duniyar nan wuri ɗaya ya rage wa hannun Baffa da yake natsuwa, shi muke ta cewa a cire. Na koma gindin murhu na yi kukana. Haushinsa bai ragu ba, sai dai ya ƙara nauyi.

Bayan sallah babba mutanen kamfanin Kano suka ce wa maigidana ko ya zo ko su ɗauki wani. Maigidana ya sauko da jaka daga saman sif, na wanke masa kaya ina gugewa, ba ma kallon juna. Gwaggo ta zo ta tsaya a ƙofar shago, ta yi wa wanta abin da babu mai iya yi masa. "Yaya, ka kori ɗanka saboda ƙarfe. In ka faɗi a nan, injin ne zai ɗauke ka?" Ya ce mata ta matsa, tana tare masa haske.

Washegari da safe, maigidana ya saɓa jaka ya shiga yi masa sallama. Baffa yana goge injin, bai juyo ba.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Ita kwamfutar taka, dole sai ta ci hannu uku?"

Maigidana ya ce ana yi da biyu, amma rabin aiki ne. Kwamfuta ta kai tebur hagu da dama, gaba da baya, in an zo ɗagawa ko saukewa sai ta tsaya ta jira mutum.

"To ta jira. Na ba ka biyu. Na ƙasan, mai ɗagawa da saukewa, nawa ne."

"Baba, wannan injin? Bayan duk yawon nan?"

"Na duba na ƙasar nan duka, babu kamarsa. Ko laifi ne mutum ya bincika?"

Ina jin haka na ajiye ludayi. Kifin da na soya a banza ya isa walimar aure.

Maigidana ya sauke jakar, amma ya ce mini na ɗan lokaci ne. Ya roƙi mutanen Kano su ɗaga masa ƙafa. Ya ce manyan ayyukan da za su riƙe shagon sai da hannu na uku, in Baba bai sake shi ba, tafiyar tana nan.

Haka suka yi aiki watannin da suka rage masa, kuma ban taɓa jin shago mai surutu irin wannan ba. Teburin yana tafiya shi kaɗai, mutane suna taruwa a ƙofa suna salati. Sai kwamfuta ta yi ƙara ta tsaya.

"Baba, ɗaga."

"Na ji ta. Ba kurma ba ne ni."

"To ɗaga mana."

"Ita take aikena ko kai?"

Ya ɗaga, daidai kuwa. In aikin ya fito da kyau, na ƙasan ne ya gyara shi. In ya ɓaci, makauniyar ce. Sau biyu shi ya ɓata, ya manta ya sauke, wuƙa ta karye, ya ce wutar janareta ce take wasa. Moto na uku yana cikin kwalinsa a saman kanta, maigidana yana ɗauko maganar duk Juma'a, Baffa yana cewa a bari a gama girbi. Girbin da bai ga ƙarshensa ba ke nan.

Da baƙin makoki suka watse, gida ya yi shiru, mutanen Kano suka sake kira. Maigidana ya ce mini zai haɗa na ukun ya gani. In injin ya ɗauki manyan ayyuka, ya zauna. In bai ɗauka ba, ya rufe shagon mu san abin yi. Ya ɗauki sifana ya shiga. Ina tankaɗe, ina jin ƙwanƙwasa, sai na ji shiru. Shirun ya yi tsawo har na leƙa.

Yana durƙushe a gaban injin, sifana a ƙasa.

"Lafiya?"

"Ya yi masa walda."

"Wa?"

"Baba. Ya liƙe hannun da sandarsa ta baya, inda ba a gani. Ya shafa baƙin mai a kai."

Sai a lokacin na tuna wata rana da maigidana ya kai kaya kasuwar Kafin Hausa, Baffa ya shigo da yamma idanunsa jajur suna hawaye, ya ce afolo ne. Na ware masa tawul da buta, na hana jikokinsa zuwa kusa da shi, har na aika aka sayo masa maganin ɗigawa. Ashe hasken walda ne.

Na ce, "Inna lillahi! Mutum yana kabari yana gardama?"

Maigidana ya fara dariya, dariyar ta juye. Ya ce in zagayo in gani. Na shiga shagon, na durƙusa, ya goge man da babban yatsa. Ni ban san walda ba, amma na sha ganin ta Baffa a jikin ƙofofinmu, a jere kamar ɗinkin keke. Wannan kuwa ta karkace, ta yi tudu nan, ta tsinke can, ta koma ta sake. Duk rawar da ya ɓoye mana tana nan a daskare.

"Za ta ciru?" na tambaya.

"Sai an yanke sandar, a sassaƙa sabuwa. Aiki ne. Kuma ba mai yi sai ni." Ya share fuska da gefen riga. "Ya san haka."

Wayarsa ta yi ƙara a kan benci. Ya duba, mutanen Kano ne, ya ɗauka, suka gaisa, suka yi masa ta'aziyya. Ya ce musu ya gode, su ba wani, mahaifinsa ya bar masa aiki.

Ya yanke sandar a satin. Ina jin sa ta taga yana zarto yana mita shi kaɗai, "Haba Baba. Haba Baba, don Allah." Yanzu injin yana tafiya da hannu uku na kwamfuta, jakar kuma ta koma saman sif.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa aljanna ce makomarsa. Duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. Mu dai mun yafe masa, duniya da lahira, har da waldar.